Yadda Ake Gina Jaruma 'Yar Asalin Latin Amurka a Labarin Zane

A shekarar 1979 kamfanin DC mai buga labaran zane ya fito da wata jaruma 'yar Birazil mai suna Beatriz da Costa, wadda daga baya aka fi sani da Fire, baiwarta kuwa ita ce koriyar wuta. Shekara biyu bayan haka kamfanin Marvel ya fito da tasa jarumar, Bonita Juarez ta jihar New Mexico, wadda ake kira Firebird, ita ma wuta aka ba ta. Kamfanoni ne biyu masu hamayya da juna, marubutan kuma daban-daban, amma da aka zo kan mace 'yar asalin Latin Amurka sai hankalinsu ya tafi wuri guda, domin an daɗe a fina-finai da littattafan Amurka ana yi wa matan wannan al'umma kallon masu zafin jini da saurin fushi. Wannan shi ne rami na farko da ke gaban duk wanda ya yi niyyar ƙirƙirar irin wannan jaruma a labarin zane, wanda masu sha'awarsa ke kira komik, kuma akwai wasu ramukan a gaba.

Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Latin Amurka sun haura miliyan 62, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar da ta haifi Superman da Wonder Woman. Duk da haka matansu da suka taɓa riƙe littafi da sunansu a manyan kamfanonin nan biyu ba su da yawa, yawancin waɗanda suka riƙe ma ba su daɗe ba. Abin da ke biye shi ne matakan da nake ganin ya kamata marubuci ko mai zane ya bi, tare da darasin da ke cikin aikin waɗanda suka gabace shi, na nasara da na kuskure.

Ka fara da gida kafin ka zo ga baiwa

Kalmar Latina laima ce da ta lulluɓe matan ƙasashe kusan ashirin da zuriyarsu, kuma babu wata mace da aka haifa a cikin laima. An haife ta ne a wani gida, a wata unguwa, ga wasu iyaye masu tarihinsu. Saboda haka kafin ka yi tunanin ko za ta tashi sama ko za ta ɗaga mota, ka zauna ka rubuta shafi guda a kan danginta: daga wace ƙasa suke, wane ne ya fara ƙaura, a wace shekara, kuma me ya fito da shi.

Amsar waɗannan tambayoyi tana sauya labarin gaba ɗaya. Mutanen Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917, don haka jarumar da kakarta ta taso daga tsibirin zuwa New York ba ta da fargabar jami'an shige da fice, sai dai tana da wani ciwon na daban, wato ganin cewa mazauna tsibirin ba sa zaɓen shugaban ƙasar da ke mulkinsu. Akwai iyalai 'yan asalin Meziko a New Mexico da Kalifoniya waɗanda ba su taɓa tsallake iyaka ba, iyakar ce ta tsallake su a 1848 bayan yaƙin Amurka da Meziko. Dangin da ya bar Kuba zuwa Miami bayan juyin juya halin 1959 yana da siyasarsa da abin da yake kewa, kuma ba ɗaya suke da dangin da ya bar Jamhuriyar Dominikan ya sauka a unguwar Washington Heights ta New York ba. 'Yar Birazil kuwa harshen Fotugal take yi, idan ka sa mata Sifaniyanci a baki ka tona wa kanka asiri tun a shafin farko. Sannan ga yarinyar da aka shigo da ita Amurka tana jaririya ba tare da takardu ba, wadda zamanta ya rataya a kan shirin DACA na 2012, wanda ke jinkirta korar irin waɗannan matasa daga ƙasar. A kan irin wannan yarinya Lilliam Rivera ta sake gina Jessica Cruz, wata jarumar DC, a littafinta na matasa na 2021, kuma tsoron kada a kama mahaifi ya ba labarin nauyin da babu dodon da zai iya ba shi.

Anya Corazón, wadda Marvel ta fito da ita a 2004 da sunan Araña, misali ce ta wadda aka yi wa wannan aiki tun daga tushe. 'Yar Brooklyn ce, mahaifinta ɗan jarida ne ɗan asalin Puerto Rico, mahaifiyarta kuma 'yar Meziko, saboda haka tun kafin ta saka kayan jarumta mai karatu ya san a wane tebur take cin abinci da kuma wanda zai tambaye ta inda ta kwana. America Chavez kuwa ta nuna abin da ke faruwa idan aka tsallake matakin. Ta fara bayyana a 2011, ta yi farin jini a jerin Young Avengers na 2013, amma asalin da aka ba ta shi ne wata duniyar almara da ke wajen tamu, inda babu Meziko babu Puerto Rico. Masu karatu da dama suka yi ta tambayar ta wace fuska ta zama Latina, har sai da aka fitar da wani gajeren jeri a 2021 wanda ya sake asalin nata ya nuna cewa wani iyali ɗan Puerto Rico ne ya raine ta a Washington Heights. Gyaran da ya ɗauki shekara goma ke nan, wanda da an yi shi a shafi guda tun farko da an huta. Haka nan ƙirƙiro ƙasar da babu ita a taswira, kamar Costa Verde da aka ba Silverclaw ta ƙungiyar Avengers, hanya ce mai sauƙi ga marubucin da ba ya son bincike, amma babu wata yarinya da za ta buɗe littafin ta ce ga garinmu.

A wannan shafi na dangi ka rubuta launin fatarta da irin gashinta, kuma ka rubuta su da gangan. 'Yan Latin Amurka akwai baƙaƙe zuriyar waɗanda aka kwaso daga Afirka a zamanin cinikin bayi, akwai 'yan asalin nahiyar na tun kafin zuwan Turawa, akwai farare, akwai zuriyar Larabawa da mutanen Asiya. Idan ka yi shiru mai zane zai ba ka abin da ya saba, wato doguwa mai hasken fata da dogon gashi mai santsi. Edgardo Miranda-Rodriguez bai yi shiru ba lokacin da ya ƙirƙiri La Borinqueña a 2016: Marisol Rios De La Luz baƙar fata ce mai murɗaɗɗen gashi, ɗalibar kimiyyar ƙasa da muhalli a Jami'ar Columbia, kuma wannan zaɓi ne ya sa 'yan mata da yawa da ba a saba zana irinsu ba suka rungume ta.

Harshe

Tsohuwar dabara ita ce a bar jaruma ta yi magana da Turanci tsantsa, sannan a barbaɗa mata kalmar Sifaniyanci ɗaya a ƙarshen jimla kamar gishiri, yawanci ta mamaki ko ta zagi. Masu harshe biyu ba haka suke yi ba, kuma duk wanda ya tashi da harshe biyu a ko'ina a duniya ya san haka. Mutum yana sauya harshe ne gwargwadon wanda yake magana da shi da halin da yake ciki: da kakarsa, ko a addu'a, ko wajen ƙirga kuɗi, ko lokacin da yake son ya faɗi abin da baƙon da ke tsaye ba zai ji ba. Don haka ka yanke shawara tun farko a kan mutanen da jarumarka ke yi wa Sifaniyanci da waɗanda ba ta yi wa, ka kuma tsaya a kan haka. Idan jika ce ta uku a Amurka yana yiwuwa tana ji amma ba ta iya mayarwa, tana kuma jin kunyar hakan a gaban dangi, wanda shi kansa abin rubutawa ne mai daɗi.

Sifaniyancin ma ba ɗaya ba ne. Motar bas da mutumin Puerto Rico ko Kuba zai kira guagua, ɗan Meziko camión yake ce mata, a Chile kuwa guagua jariri ne. Injin fassara ba zai raba maka waɗannan ba. Ka nemi wadda ta fito daga ainihin al'ummar da ka zaɓa ta karanta kowace kumfar magana, ka biya ta ladan aikinta, sannan ka tabbatar cewa haruffan da mai rubuta magana a zane ke amfani da su suna da alamomin da ke kan harafi kamar na sunan Araña, domin faɗuwar alama ɗaya takan sauya kalma.

Baiwar da ke taɓa ciwo

Yanzu ne ya kamata ka zo ga baiwa, kuma ka'idar da na ga ta fi aiki ita ce baiwar ta danna daidai inda jarumar ke jin ciwo. Babu misalin da ya kai Jessica Cruz ta DC, wadda ta fito sosai a 2014. Ta ga an kashe abokanta a daji a gabanta, ta tsira da kyar, ta kulle kanta a ɗaki na tsawon shekaru saboda ciwon fargaba. Zoben da ya fara samunta mugun zobe ne mai cin tsoron wanda ya saka shi, daga baya ta samu zoben Green Lantern na gaskiya, wanda ba ya aiki sai da ƙarfin zuciya da iya shawo kan tsoro. A jerin Green Lanterns na 2016 an daɗe tana kasa ƙera siffofi da zoben nan kamar yadda sauran masu irin zoben ke yi, kuma akwai ranakun da fita daga gida ya fi mata wuya a kan yaƙi a sararin samaniya. Fargabar ba ta warke a fitowa ta uku don a wuce wurin ba, tana nan tana dawowa. Wannan ne ya sa idan ta yi nasara mai karatu yake jin ta a jikinsa.

Cecilia Reyes ta X-Men, wadda ta bayyana a 1997, ta bi ta wata hanyar. An harbe mahaifinta a gabanta tana ƙarama a unguwar Bronx, ta sha alwashin zama likita, ta kuma zama. Baiwarta garkuwa ce da ke kewaye jikinta, ita kuma ba ta son ta ko kaɗan, domin bayyanarta ce ta raba ta da aikin asibitin da ta sha wuya kafin ta samu. Renee Montoya, 'yar sandan birnin Gotham 'yar asalin Dominikan, wadda aka ƙirƙira domin shirin Batman na talabijin a 1992, ba ta da wata baiwa ko ɗaya, amma jerin Gotham Central ya mai da ita ɗaya daga cikin mutanen da aka fi ginawa a DC, ta hanyar binta cikin rigimar iyali da fushi da shaye-shaye da ajiye aiki.

Kafin ka wuce, ka rubuta jimla uku: abin da take so a rayuwa wanda bai shafi yaƙi da mugaye ba, abin da take tsoro, da abin da baiwar ke karɓewa daga hannunta duk lokacin da ta yi amfani da ita. Idan jimla ta uku ta gagara, baiwar ado ce kawai, sai ka sake tunani.

Akwai wata magana da ta rataya a nan, wato ta suna. Mafi yawan jaruman nan gadon sunan wani suka yi. Yolanda Montez ta karɓi sunan Wildcat daga Ted Grant a tsakiyar shekarun 1980, Angela del Toro da Ava Ayala sun gaji White Tiger daga Hector Ayala, wanda tun 1975 ya buɗe wa 'yan Latin Amurka ƙofa a Marvel, Renee Montoya ta zama Question bayan rasuwar Vic Sage, ita ma Anya an mai da ita Spider-Girl a 2010. Kamfani yana yin haka ne domin sanannen suna ya fi saurin sayuwa, kuma ba na ganin laifin wanda ya bi wannan hanya idan ita ce kaɗai aka buɗe masa. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. An kashe Yolanda a 1993 tare da wasu jarumai a hannun wani mugu mai suna Eclipso, mai sunan na asali kuma ya ci gaba da harkarsa, haka kuma da DC ta sake tsara duniyarta a 2011 Renee ta rasa sunan Question, ta ɓace na tsawon lokaci. Idan kana da zaɓi ka ba jarumarka sunanta na kanta, idan kuma babu, ka gina ta yadda ko an karɓe abin rufe fuskar za a ci gaba da neman labarinta.

Wa ke yanke shawara?

A nan ne ake gane ko an ba mace ƙarfi da gaske ko kuwa ƙwanji kawai aka zana mata. Jaruma tana iya rusa gini da naushi amma ta kasance wani ne ke gaya mata wane gini za ta rusa, wani ya gano sirrin mugu, wani kuma ya zo ya cece ta a shafi na goma sha takwas. Fitowa ɗaya ta komik a Amurka takan kai shafi ashirin ko kusa da haka, saboda haka binciken ba shi da wuya. Ka ɗauki alƙalami ka bi rubutunka shafi-shafi, duk inda aka yanke wata shawara da ta juya akalar labari ka rubuta sunan wanda ya yanke ta a gefe. Idan ka ƙirga ka ga sunan malaminta ko saurayinta ko shugaban ƙungiya ya fi nata yawa, to labarinsu kake rubutawa, ita hotonta ne kawai a bango.

Masu wannan sana'a sun daɗe da ƙirƙiro ma'aunai irin wannan. Alison Bechdel ta kawo nata a 1985: a samu mata biyu, su yi magana da juna, a kan wani abin da ba namiji ba. Kelly Sue DeConnick ta ce ka cire macen ka ajiye kyakkyawar fitila a gurbinta, idan labarin ya tafi daidai to ka koma ka sake rubutu. A 1999 kuma Gail Simone ta tattara jerin matan da aka kashe ko aka nakasa a labaran zane domin kawai a fusata wani jarumi namiji, ta sa wa jerin suna daga wani labarin Green Lantern na 1994 inda jarumin ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa an cusa gawarta a firiji. Waɗannan ma'aunai ba sa tabbatar da cewa labari ya yi kyau, aikinsu shi ne su kama maka kuskuren da ido ya saba da shi har ya daina gani.

Ka kula da matan da ke kewaye da ita kamar yadda ka kula da ita. Al'adar labarin jarumai ita ce a mai da jarumi maraya, amma a wurin al'ummar da zumunci ke da nauyi irin wannan, kashe dangi zubar da jari ne. Rio Morales, 'yar Puerto Rico, mahaifiyar Miles Morales wanda shi ma Spider-Man ne, an kashe ta a 2013 domin ɗan ya ji ciwo, daga baya aka dawo da ita, kuma duk wanda ya ga rawar da ta taka bayan dawowar ya san an yi asarar shekaru. Marubutan Blue Beetle na 2006 sun yi dabara da suka bar iyayen Jaime Reyes da ƙanwarsa a El Paso suka san sirrinsa tun da wuri, sai gidan ya zama wurin da labari ke ƙara ƙarfi. Ka yi wa jarumarka haka: uwa mai ra'ayinta da aikinta, 'yar'uwar da ke kishi, ƙawar da ke gaya mata gaskiya. Kaka ma ka bar ta ta zama mutum mai tarihi da kurakurai, kada aikinta ya tsaya ga girki da yin nasiha.

Sannan ka bar jarumar ta yi kuskure, babba, wanda wani zai cutu da shi. Marubucin da ke tsoron a ce ya ɓata sunan al'umma yakan fito da waliyyiya wadda ba ta taɓa yin ƙarya ko son kai ba, mai karatu kuma ba ya daɗewa da irin wannan. Hanyar rage wannan tsoro ita ce kada ta kasance ita kaɗai ce Latina a littafin, domin idan su huɗu ne babu wadda za ta ɗauki nauyin wakiltar miliyoyi a kanta.

Abin da za ka gaya wa mai zane da mai launi

Rabin labarin zane a hannun mai zane yake, kuma yana iya rushe duk abin da ka gina da tsayuwa ɗaya. An daɗe ana zana jarumai mata a murɗe ta yadda ƙirji da ƙugu za su fuskanci mai karatu a lokaci guda, abin da ƙashin bayan ɗan Adam ba zai iya ba, matan Latin Amurka kuma sun fi shan wannan saboda tsohon kallon nan da aka fara magana a kai. A 2012 wasu masu zane a intanet suka fara sake zana irin waɗannan hotuna suna saka jarumi namiji Hawkeye a tsayuwar da kayan macen, abin ya zama abin dariya, kuma gwajin yana da amfani har yau: idan tsayuwar za ta ba da dariya a jikin namiji, a sake ta. Ka rubuta wa mai zane abin da jarumar ke yi da abin da take ji a kowane gurbi, ka kuma roƙe shi ya ba ta kayan da za a iya gudu da faɗa a cikinsu. Suturar da Jamie McKelvie ya tsara wa America Chavez, wato jaket da riga da takalmin da matasa ke sakawa a titi, masu taurari da ratsin tutar Amurka, ta yi tasiri ne domin ta yi kama da abin da yarinyar za ta zaɓa da kanta.

Jiki ma yana da tarihi. A Love and Rockets, wanda 'yan'uwan Hernandez suka fara a farkon shekarun 1980, Jaime Hernandez ya bar Maggie, makanikiya 'yar asalin Meziko a Kalifoniya, ta girma ta yi ƙiba ta manyanta tare da masu karatunta, kuma ba ta rasa masoya ba. Game da launi kuwa, ka shirya takarda guda mai ɗauke da ainihin launin fatar kowane mutum a hasken rana da na dare, ka ba duk wanda zai taɓa littafin. Sunspot, baƙin ɗan Birazil na New Mutants, ya yi ta yin haske daga mai launi zuwa mai launi har ya zama wani mutum dabam, ba tare da wani ya taɓa zama ya yanke shawarar hakan a labari ba.

Bangon littafi shi ne inda sashen talla ke saka hannu, nan ma a yi hattara. A 2022 DC ta sha suka a kan bangayen da ta shirya domin watan tunawa da al'adun 'yan Latin Amurka, wanda ke farawa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba, saboda an rage al'adar ta koma abinci: mai zane Jorge Molina ya zana Kyle Rayner, ɗaya daga cikin jaruman Green Lantern, riƙe da tutar Meziko da fitilarsa, sai ga wani kwafi ya fito an saka masa ledar tamale, wani abincin Meziko, a hannu. Abinci yana da wurinsa a cikin labari, a teburin da ake gardama ko sulhu, amma idan ya zama shi ne shaidar asali to an koma gidan jiya.

Tatsuniya, addini da abokin gaba

Idan za ka ɗauko baiwa daga imanin mutanen da suka riga Turawa zama a nahiyar, ka ɗauko daga inda dangin jarumar suka fito. Gumakan Aztek na tsakiyar Meziko ne, ba su da haɗi da 'yar Kolombiya ko 'yar Kuba. Marisol ta samu baiwarta daga Atabex da Huracán da Yucahú na mutanen Taíno, waɗanda su ne Turawa suka tarar a Puerto Rico, sunan jarumtarta kuma daga taken tsibirin aka ɗauko shi, don haka komai ya tsaya a ƙasa ɗaya. Yara Flor, wadda Joëlle Jones ta ƙirƙira wa DC a 2021, tana yawo da Caipora ta tatsuniyoyin Birazil. Ka tuna cewa wasu daga cikin waɗannan abubuwa har yau akwai masu riƙe da su a matsayin addini, ka tambaye su kafin ka mai da abin bautarsu makami.

Abokin gaba kuma kada ya zama dillalin ƙwaya ko shugaban 'yan daba don kawai jarumar Latina ce. Bayan guguwar Maria ta daidaita Puerto Rico a Satumban 2017, Miranda-Rodriguez ya haɗa littafin Ricanstruction a 2018, inda DC ta ba da aron jarumanta suka tsaya tare da La Borinqueña, aka kuma tura kuɗin da aka samu zuwa aikin farfaɗo da tsibirin. Abin da jarumar ke fuskanta a nan shi ne rashin wuta da ruwa da sakacin mahukunta da masu son cin riba a kan bala'i, kuma wannan ya fi ɗan daba na dubu da ɗaya ba da labari.

Kafin ka miƙa aikin

Ka tsara labarin farko ya kammala kansa a fitowa biyar ko shida. Jerin America da Gabby Rivera ta rubuta daga 2017 ya tsaya a fitowa ta 12, na Araña ma haka, Spider-Girl ta Anya kuwa 8 ta yi. Shagunan komik a Amurka suna yin oda ne tun watanni kafin littafi ya fito, kamfani kuma da waɗannan alƙaluma yake yanke hukunci, alhali yawancin sababbin masu karatun da irin wannan jaruma ke jawowa suna jiran a haɗa fitowar a littafi guda ne su saya ko su ara a laburare. Wanda ya ajiye babban sirrin jarumarsa sai fitowa ta ashirin yana iya rasa damar faɗinsa.

Ka karanta yarjejeniya da idon basira. Abin da ka ƙirƙira wa Marvel ko DC nasu ne, suna iya sauya mata asali ko su kashe ta ko su ajiye ta shekara goma ba tare da sun tambaye ka ba. La Borinqueña tana hannun wanda ya ƙirƙire ta, a ƙarƙashin kamfaninsa Somos Arte, shi ya sa ba wanda ya haskaka mata fata ko ya miƙar mata da gashi, amma ladan wannan 'yanci shi ne ɗaukar nauyin bugawa da rarrabawa da talla. Idan kai ba ɗan wannan al'umma ba ne, ka nemi abokiyar rubutu ko mai zane ko edita daga cikinta tun ranar farko, sunanta ya fito a bango kusa da naka, rabonta kuma ya shiga cikin yarjejeniya a rubuce. Karatun ƙarshe da za ta yi, ka ba ta shafukan da aka riga aka zana aka yi wa launi aka saka magana, domin yawancin kurakuran da aka ambata a sama ba sa bayyana a rubutu, sai a hoton da ke jikin bangon ɗakin kaka, ko a tutar da aka rataya a shago, ko a launin hannun jarumar a shafi na bakwai idan aka kwatanta shi da na shafin farko.